Jinjina ga Masu Shayin Matcha

Kafin garin matcha ya kai ga mai sha, hannaye da yawa sun sha wahala a kansa. A Uji, kusa da Kiyoto a Japan, manoma kan yi wa bishiyoyin shayi rumfa kimanin makonni uku kafin girbi. Inuwar ce ke sa ganyen ya yi kore shar, ɗacinsa ya ragu. A watan Mayu sai a tsinke lallausan ganye da hannu, a turara, a busar, a cire jijiyoyinsa.

Daga nan aiki ya koma hannun masu niƙa. Dutsensu yana juyawa a hankali don kada zafi ya ɓata ƙamshi, har awa guda ba ta ba da abin da ya wuce giram 40. A Takayama ta lardin Nara kuwa, masassaƙa ke tsaga guntun gora guda zuwa siraran tsinke, su fitar da chasen, ɗan maburgin da ke tayar da kumfa.

Mai koyon haɗa matcha ya girmama wannan gumi: ya zaɓi gari mai haske, ya tankaɗe giram 2, ya zuba ruwan da ya ɗan huce, ya rufe gwangwanin garin ruf, ya ajiye a wuri mai sanyi. Sannunku da aiki, gwanaye.