"Mu Haɗu a Littafi na Biyu": Nazari a Kan Dakon Mai Karatu da Haƙƙinsa a Wuyan Marubuci

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna tafka muhawara a kan ƙagaggun labaran da suka ɓulla a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano. An yi magana a kan jigonsu, an yi a kan tarbiyya, an kuma yi a kan karya ƙa'idojin rubutu. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne mutumin da ya sayi littafi na ɗaya, ya karance shi a dare guda, sannan ya zauna zaman jiran na biyu. Manufar wannan takarda ita ce duba matsayin wannan mai dako, da irin tasirin da dakonsa ke yi a kan abin da marubuci zai rubuta. Domin fito da batun sarari, za mu ɗan leƙa wani wasa na ƙasar Amurka wanda a cikinsa rigimar masu dako da masu wallafa ta fi fitowa fili.

Yadda Rabon Littafi Ya Samo Asali

Fitar da littafi kashi-kashi ba baƙon abu ba ne. Magana Jari Ce na Abubakar Imam kansa littattafai uku ne. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu yana iya tsayawa da ƙafarsa. Abin da marubutan Kano suka zo da shi daban ne, wato a datse labari ɗaya a daidai inda numfashin mai karatu ya tsaya. Dalilin kuwa na aljihu ne. Marubucin shi ne mawallafi, shi ne mai biyan maɗaba'a, kuma sau da yawa da cinikin kashi na ɗaya ake buga na biyu. Ke nan mai karatun da ke Kuje ko Gwagwalada, wanda sai littafi ya baro kasuwannin Kano ya biyo hanya kafin ya iso hannunsa, ya zama mai jari a cikin labarin ko da bai sani ba. Ya biya kuɗin rabin kaya bisa alkawarin za a kawo masa sauran.

Misalin da kowa ya sani shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Masu karatu sun ɗauki Sumayya da Muhammad tamkar 'yan'uwansu, suka yi ta aika wa marubucin wasiƙu, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na 1997. A gefe guda kuma ga masu suka suna cewa faɗawar Sumayya rijiya koya wa 'yan mata bijire wa iyaye ne. Duk marubucin da ya ɗauki alƙalami a irin wannan hali, to ba shi kaɗai ne a ɗakin ba.

Wasan da Mai Kallo Yake Marubuci

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Wasan kwaikwayo ne da ake yi a zaune, a kewaye da tebur. Mutum ɗaya, jagoran wasa, shi ke shimfiɗa labari: ga daji, ga kogo, ga dodo. Sauran kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo, ya riƙa faɗin abin da tauraronsa zai aikata. Idan aka zo inda ake shakkar nasara, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da ya nuna shi ne hukunci. Abin da kamfani ke sayarwa littattafan dokoki ne, labarin kuwa 'yan wasa ke ƙaga shi.

Bahaushe ba zai ga wannan da baƙunta sosai ba. A dandalin tatsuniya ma yara ba sa zama shiru. Idan mai ba da labari ta mayar da Gizo mai gaskiya, ko ta tsallake waƙar da aka saba amshi, nan take za a tare ta. Akwai dokokin da ba a rubuta ba, kuma masu sauraro su ne alƙalai.

Tarihin wannan wasa cike yake da rikicin sabon bugu. A 2008 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da bugu na huɗu, ya sauya dokoki sosai. Tsofaffin 'yan wasa da dama suka ce an mayar musu da abinsu wasan kwamfuta. A 2009 wani ƙaramin kamfani, Paizo, ya fitar da Pathfinder bisa tsofaffin dokokin, jama'a suka yi tururuwa can. Da za a yi bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, sai da kamfanin ya shafe kusan shekara biyu yana raba daftarin dokokin ga jama'a su gwada su faɗi ra'ayinsu. Haka kuma a Janairun 2023, da aka ji yana shirin sauya lasisin da tun shekarar 2000 ya bai wa kowa damar wallafa kayan wasa bisa dokokinsa, sai masoya suka yi ca, kafin watan ya ƙare ya janye.

Abin lura a nan shi ne me mutanen suke karewa. Ba su taɓa neman kamfani ya tabbatar musu tauraronsu zai yi nasara ba. Hasali ma daɗin wasan yana cikin cewa ɗan lido na iya kashe jarumin da aka yi shekara ana renonsa. Abin da suka ƙi shi ne a sauya dokar duniyar da suka zuba kuɗinsu da lokacinsu a ciki.

Inda Marubutanmu Suke Tuntuɓe

A ganinmu wannan bambanci shi ne ya kamata ya zama ma'aunin nazarin littattafanmu masu kashi-kashi. Mai karatu yana bin marubuci bashin abu biyu. Na farko a ƙarasa masa labarin. Akwai littattafan da kashinsu na ƙarshe bai taɓa fitowa ba, musamman lokacin da harkar fim ta janye marubuta da dama a ƙarshen shekarun 1990, kuma wannan cin amana ne tsagwaronsa. Na biyu a riƙe masa dokar labarin. Idan kashi na ɗaya ya nuna mahaifi mai taurin kai ne da ba ya jin rarrashi, bai halatta a shafin ƙarshe ya wayi gari da tausayi ba tare da wani dalili ba. Amma yadda labarin zai ƙare, wannan ba haƙƙin mai karatu ba ne.

Abin takaici, da yawa daga marubutanmu sun juya lamarin. Suna biyan bashin da ba a bin su, suna taushe wanda ake bin su. An ga masu karatu suna son masoya su yi aure, sai a kashe kishiya a hatsarin mota, ko a tono wani attajirin kawu da ba a taɓa ambata ba ya biya sadaki. An cika burin zuciya, an rushe ginin labari.

Cutar ta fi tsanani a littattafan yaƙi, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice da su, waɗanda suka gaji wani abu daga Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Su ne mafi kusa da wasan da muka ambata, domin kayan aikinsu ɗaya ne: takobi, tsafi, aljanu, da doguwar tafiya neman wani abin sihiri. Masu karatunsu kuwa sun fi kowa riƙe lissafi. Sun san wane sadauki ne ƙarfe ba ya kama shi, sun san sharaɗin kowane zobe. Marubucin da ya jefa jaruminsa cikin rami a ƙarshen kashi na uku, sannan ya fito da shi a na huɗu da wata laya da ba a taɓa jin labarinta ba, ya yi abin da jagoran wasa ba zai iya yi ba, domin 'yan wasa suna zaune gabansa da littafin dokoki a hannu. Takarda ba ta gardama, shi ya sa ake yi mata haka.

To amma yanzu takardar ma ta fara gardama. Marubuta, akasarinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, su ba da farkonsa kyauta, a biya kuɗi kafin a ga sauran. Wasiƙar da a da take kwana da kwanaki a hanya, yau cikin minti guda take isowa, kuma ɗari suke zuwa a tare. Ta wata fuskar wannan alheri ne, domin wadda ta manta sunan da ta sa wa ƙanwar tauraruwa za a tuna mata kafin gari ya waye. Sai dai mun lura da yadda labari kan yi ta miƙewa saboda masu karatu ba su ƙoshi da wani tauraro ba, da yadda mugun da aka gina da kyau kan tuba da wuri saboda an fara sonsa. Marubucin da ke da littafi a maɗaba'a yana da watanni tsakaninsa da masu dako, lokacin da zai yi tunani ya zaɓi abin da zai ji da wanda zai yi wa kunnen uwar shegu. Mai rubutu a waya kuwa ta yi alkawarin sabon shafi gobe da daddare.