Zumunci a Ƙafa Yake, Ba a Bakin Bindiga Ba



Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan karo wata gardama ce da muka yi a fadarmu bayan sallar isha'i, ana jiran shayi na biyu. Wani abokina, wanda tun muna kolej benci ɗaya muke zama, ya miƙo mini salularsa in kalli tankokin Rasha, ya ce, "Ka ga maza! Nan da wata uku Yukren ta zama labari." Na ce masa, "Malam, tun 2022 nake jin wannan wata ukun a bakinka, har yau bai cika ba." Aka bushe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Kai dai fito fili ka ce kana bayan Faransa." Daga nan zance ya lalace, kowa ya ja bakinsa.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na koma ɗaki na nemi fassarar dogon rubutun da shugaban Rasha, Vladimir Putin, ya fitar ranar 12 ga Yuli 2021, wata bakwai kafin sojojinsa su tsallaka iyaka. Na ce bari in ji hujjar daga bakin mai ita. Sharhin wannan rubutu nake so in yi, sannan in faɗi inda nake ganin yaƙin zai tsaya.

Ga abin da rubutun ya ƙunsa a taƙaice. Putin ya ce Rashawa da mutanen Yukren da na Belarus al'umma ɗaya ce, tushensu tsohuwar daular Rus wadda cibiyarta ke birnin Kiyef fiye da shekara dubu da suka wuce. Ya ce harshensu da addininsu daga tushe ɗaya suka fito. Ya ce Yukren ta yau shugabannin Tarayyar Sobiyet ne suka shata ta, suka yanki filayen Rasha suka ba ta. Ya ƙare da cewa Yukren ba za ta samu ƴancin kai na gaskiya ba sai tana tare da Rasha.

Ba zan ce duk ƙarya ce ba. Dangantakar tana nan, auratayya tana nan, miliyoyin mutanen Yukren da Rashanci suka tashi. Inda na rabu da shi wurin kammalawa ne. Daga "mu ƴan uwa ne" ya yi tsalle ya dira a kan "saboda haka gidanka nawa ne". Babu gada tsakanin maganganun nan biyu, kuma mu ƴan kudancin Nijar mun fi kowa sanin haka.

Ku dubi Maraɗi. Sarakunan Katsina ne da jihadin farkon ƙarni na 19 ya fitar da su suka kafa ta, kuma har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake ce mata. Iyakar da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ba kakanninmu suka shata ta ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kan takarda, a 1890 da 1898 da 1904 da 1906, har suka tsaga ƙasar Hausa gida biyu. Harshenmu ɗaya da mutanen Katsina da Daura da Sakkwato, kasuwa ɗaya muke ci, wani ma gwaggonsa tana can kawunsa yana nan. To yanzu a ce gobe wani shugaba a Abuja ya rubuta shafi ashirin yana cewa Maraɗi da Ƙonni na Najeriya ne, tunda al'umma ɗaya ce kuma Turawa ne suka raba, sannan ya turo tankoki. Abokina, wace tuta za ka ɗaga ranar? Duk hujjar da ka yarda da ita a kan Kiyef, ka yarda da ita a kan ƙofar gidanku.

Shugabannin Afirka na farko sun hango wannan rami. Shi ya sa a taron Alƙahira na 1964 suka amince kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar samun ƴanci. Ba don iyakokin suna da kyau ba, sai don sun san in aka fara gyara su da bindiga, jini ba zai tsaya ba. Jakadan Kenya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Martin Kimani, wannan tarihin ya tuna wa Kwamitin Sulhu a watan Fabrairu 2022, ana saura kwana kaɗan a fara mamayar. Maganar ɗan Afirka ce, daga abin da Afirka ta ɗanɗana.

Abu na biyu, rubutun yana yawo cikin sarakuna da yarjejeniyoyin ƙarnuka da suka shuɗe, amma ba shi da amsa ga mutanen da ke raye. Ranar 1 ga Disamba 1991 mutanen Yukren sun yi ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 90 cikin ɗari suka zaɓi ƴancin kai. Ko a Kirimiya masu "eh" sun haura rabi. A Disamba 1994 kuma, a birnin Budafes, Yukren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, su kuma Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. Mutum ya miƙa maka takobinsa bisa alkawari, kai kuma ka dawo ka sare shi. Wace ƙaramar ƙasa ce za ta ƙara yarda da takarda bayan wannan?

Na san amsar abokina, don ya sha faɗa mini: OTAN, wadda rediyoyin Najeriya ke ce wa NATO, ita ta matso har bakin ƙofar Rasha, kuma Turawan yamma ba su da bakin yi wa kowa wa'azi. A kan na biyun ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003 bisa zargin makaman da ba a taɓa gani ba. A 2011 jiragen OTAN suka yi wa Libiya ruwan wuta, makaman rumbunan Gaddafi suka watsu cikin Sahel, kuma har yau muna binne mutanenmu a dalilin haka. Ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Amma in ɓarawo ya shiga gidana bara, wannan bai halatta wa wani ɓarawon shiga gidan maƙwabcina bana ba. Wanda ya la'anci mamayar Iraƙi ya tafa wa mamayar Yukren, ba zalunci yake ƙi ba, azzalumi yake zaɓa.

Game da tsoron OTAN kuwa, ku lura da wani abu. Finlan tana da iyaka da Rasha mai tsawon fiye da kilomita 1,300. Ta shiga OTAN a Afrilu 2023, Suwidin ta bi ta a Maris 2024, Rasha ba ta tura tanka ko ɗaya ba. Da tsoron OTAN kaɗai ne, ai nan ya kamata a ga tashin hankali. Kuma shi Putin da bakinsa, a watan Yuni 2022, ya kwatanta aikinsa da na sarkin Rasha Bitrus Mai Girma, wanda ya yi shekara 21 yana yaƙi da Suwidin. Ya ce wancan sarkin ba ƙwace ya yi ba, maido da abin Rasha ya yi, kuma su ma aikin da ya hau kansu ke nan. In mai abu ya faɗi niyyarsa, me ya sa mu za mu tsaya muna nema masa wata?

Sawun ma a bayyane yake. A Agusta 2008 Rasha ta yaƙi Jojiya, ta amince da yankuna biyu da suka ɓalle daga cikinta, ta girke soja. A Maris 2014 ta haɗiye Kirimiya. A Fabrairu 2022 ta nufi Kiyef kanta. Ranar 30 ga Satumba 2022 ta shelanta cewa jihohi huɗu, Donetsk da Luhansk da Zaforijiya da Kerson, sun zama nata, alhali ba ta ma riƙe da su duka ba. Kowace loma ta fi ta baya girma.

To ina wannan yaƙi zai tsaya? Gaibu sai Allah, amma mai karatu yana da damar auna abin da ya gani.

Na farko, abin da aka fito nema bai samu ba. An yi niyyar kama Kiyef cikin kwanaki a ɗora gwamnati mai biyayya. Kafin tsakiyar Afrilu 2022 sojojin Rasha sun janye daga kewayen birnin. A watan ne kuma babban jirgin yaƙinsu na ruwa, Moskva, ya nutse a Bahar Aswad. A Nuwamba suka bar birnin Kerson, wanda suka ce ya zama nasu makonni kaɗan kafin nan. Daga nan yaƙi ya koma na ramuka da jirage marasa matuƙa. Garin Bakmut kaɗai sai da aka yi watanni ana zubar da jini kafin ya faɗi a Mayu 2023, kuma kufai aka samu. Ƙasar da ake ce mata ta biyu a ƙarfin soja ta koma sayen jirage marasa matuƙa daga Iran, tana karɓar harsasai da sojoji daga Koriya ta Arewa.

Na biyu, ita ma Yukren da wuya ta kori Rasha da ƙarfi daga duk inda ta shiga. Farmakin da ta kai a 2023 bai fasa layin ba. Rasha tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, ta ninka ta yawan jama'a fiye da sau uku, tana da man fetur da Sin da Indiya ke saye, tana da nukiliya. Yukren kuwa makamanta da kuɗinta a hannun wasu suke, kuma mai ci da hannun wani ba ya sanin ranar da za a janye akushi.

Saboda haka abin da na fi zato shi ne a tsagaita wuta a kan layin da sojoji suka tsaya, ba tare da kowa ya amince a zuci ba. An ga irinsa a Koriya a 1953, inda har yau babu yarjejeniyar zaman lafiya. An ga irinsa a Finlan a 1940, lokacin da ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta ga Tarayyar Sobiyet amma ta tsira da ƴancinta. Rasha za ta riƙe fili ta kira shi nasara. Sai dai abin da rubutun 2021 ya nema, wato mutanen Yukren su ji su da Rashawa abu ɗaya ne, yaƙin da kansa ya kashe shi. Yaron da ya kwana cikin ramin ƙarƙashin gida yana jin ƙarar bama-bamai, ba wani littafin tarihi da zai sa ya kira mai jefa su yaya. Mutane da yawa da suka tashi da Rashanci sun koma magana da harshen Yukren da gangan. An tafi neman ɗan uwa, an dawo da magabci na har abada.

Shin in an tsagaita, kwaɗayin ya ƙare? Ban yi zato ba. Yarjejeniyoyin Minsk na 2014 da 2015 ma tsagaitawa ce, kuma ga abin da ya biyo baya. In Yukren ta fita daga yaƙin nan babu wani tabbacin tsaro mai ƙarfi, hutun zai zama na wasa wuƙa. Amma kuma ban yarda da masu cewa gobe tankokin Rasha za su isa Faris ba. Wanda ya yi shekaru yana fama da ƙauyukan Donbas, idonsa ya fi cikinsa girma. Waɗanda ke da dalilin rashin barci su ne ƙananan maƙwabta marasa majingina, irin Moldoba da Jojiya, waɗanda tuni akwai sojan Rasha a wani yanki na ƙasarsu. Tarihi ma bai cika yi wa masu mamaya daɗi ba. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a 1979 ta fito a 1989, bayan shekara biyu ta wargaje. Amurka ta yi shekara 20 a can, ta fita a 2021 ta bar mulki a hannun waɗanda ta je kora.

Yanzu bari in dawo gida, don nan ne maganar ta fi yi mini zafi. Na ga tutar Rasha a hannun matasa a titunan Yamai a 2023, kuma na fahimci fushin da ya ɗaga ta. Mu jikokin waɗanda ayarin Voulet da Chanoine ya bi ta kansu ne a 1899, ya ƙone Birnin Ƙonni, ya yaƙi Sarauniya a Lugu. Ba wanda zai koya mana ƙin mulkin mallaka. Amma daidai wannan tarihin ne ya kamata ya sa mu gane mamaya duk inda muka gan ta, ko da wane harshe mai yin ta yake magana. Ƙasa tana iya hulɗa da Rasha, ta sayi makamai, ta yi ciniki, kamar yadda take yi da kowa, ido buɗe. Wannan harkar gwamnati ce. Abin da nake tsoro shi ne mu ɗalibai mu sayar da hankalinmu, mu ce duk wanda ya mari Faransa waliyyi ne. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙasa irin tamu, mai faɗin fili da arzikin ƙarƙashin ƙasa da ƙarancin ƙarfi, babu abin da ke kare ta kamar ƙa'idar nan da ta ce babba ba ya haɗiye ƙarami don kawai ya iya. Ranar da ƙa'idar ta mutu, ba Faransa ce za ta fara kuka ba.

Abokina, na san wannan ɗan littafi zai zo hannunka, kuma na san za ka gane kanka. Ban rubuta don in kunyata ka ba. Ka nemi rubutun Putin ka karanta da kanka, duk inda ya ce Kiyef ka sa Maraɗi, duk inda ya ce Rasha ka sa wata babbar maƙwabciya, sannan ka zo fada mu ƙarasa gardamar. Sukari da ganyen shayi a wuyana.

Wassalam.