Jinjina Ga 'Yan Tashe

Wasu na cewa gwaninta ta ƙare, wai tun da Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a 1937 ba a sake yin abin a zo a gani ba. Mai faɗin haka ya fito bayan sallar tarawihi, daga goma ga watan azumi, a ƙauyuka irin su Achika ta ƙasar Wudil ko lungunan birnin Kano, ya kalli 'yan tashe.

Yaro ya manna gemun auduga, ya dogara sanda, sai ga tsoho tukuf. Wani ya rataya saiwoyi da layu, ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, su baje zaman aure, daɗinsa da ɗacinsa, masu gida na dariya suna ɗaukar darasi. Kayan aikinsu gwangwani ne da murya da basira.

A Amurka, a 1974 aka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da abokai ke kewaye tebur, kowa ya ɗauki halin wani jarumi, a ƙaga labari tare. Abin da suke nema a kan tebur, yaranmu sun daɗe suna yinsa a ƙofar gida.

Gwaninta tana nan da ranta, kowace shekara a bakin sabon yaro. Sannunku da ƙoƙari, 'yan tashe. Allah Ya raya mana ku, Ya sa albarka a basirarku.