Bubu Hama da Littattafansa na Yara

A ƙasar Nijar, in an ambaci Bubu Hama, yawancin mutane sai su tuna da shugaban Majalisar Dokoki wanda ya riƙe kujera daga 1958 har juyin mulkin 1974. Amma tun kafin siyasa malamin makaranta ne, kuma cikin ɗimbin littattafansa akwai waɗanda ya rubuta domin yara. Su nake so mu duba.

An haife shi a 1906 a Foneko, wani ƙauye kusa da Tera. Can ya tashi cikin tatsuniyoyin dare da labarun iskokin daji, irin waɗanda ke sa yaro ya ga ido da baki a jikin kowane icce. Daga nan aka kai shi lakwal a Tera, sai Dori, sai Wagadugu, har makarantar William Ponty a Senegal. A 1929 ya dawo gida, shi ne ɗan Nijar na farko da ya sami takardar malanta daga can.

Da yawa cikin waɗanda suka bi wannan hanya sun dawo suna raina abin da kakanninsu suka gaya musu. Shi bai yi haka ba. Ya riƙe kayan ƙuruciyarsa, da ya manyanta kuma ya buɗe su ga yara. Tare da wata marubuciya Bafaransa, Andrée Clair, ya fitar da Le Baobab merveilleux a 1971, sannan La Savane enchantée da L'Aventure d'Albarka a 1972.

Littafin Albarka ya fi sauran nauyi. Labarin yaron ƙauye ne da aka ɗauke shi zuwa makarantar Nasara, kuma daga ƙuruciyar Bubu Hama kansa aka ɗebo shi. Abin yabo a nan shi ne marubucin bai yi wa yaron dariya ba. Tsoron da yake ji a daji da mamakin da yake yi a aji duk an ba su daraja ɗaya. Hannun malami ke nan, wanda ya san ba a cika tulun yaro ta wurin fasa shi. A littafin kuka kuwa, zomo ne ya sami alheri ta ladabi, kura ta rasa ta haɗama, kuma an bar labarin ya yi wa yaro faɗa da kansa.

Sai dai akwai abin da ya rage. Da Faransanci aka rubuta littattafan, a Faransa kuma aka buga su. Yaron Faris ya karanta tatsuniyar Foneko a saukake, amma yaron Foneko ko na Maraɗi sai ya yi shekaru a lakwal kafin ya gane ta. An ɗebo ruwa daga rijiyar gida, maƙwabci ya riga mai gida sha. Laifin zamaninsa ne fiye da nasa, gama sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Bubu Hama ya rasu a 1982. 'Yan'uwa malamai da iyaye, ya nuna mana rabin hanya: abin da muka ji muna yara ya isa a rubuta shi. Sauran rabin namu ne, mu rubuta shi cikin harshen da yaranmu ke ji tun suna goye.