Jinjina ga Ƴar Shuɗiyar Inhela

Sanyin Jos da ƙurar hunturu ba sa raga wa mai ciwon asma, balle a Tina Junction inda hayaƙin Keke Napep ke ƙara toshe ƙirji. Nan ake sanin darajar inhela mai feshi, irin wadda kamfanin Riker na Amurka ya fara fitarwa a 1956. Ventolin, shuɗiyar inhela mai fesawa sau 200, tana shiga aljihun riga, kuma cikin ƴan mintuna salbutamol ɗinta ke buɗe hanyoyin numfashi.

Sannunku da aiki, masu kemis da ke tsayawa ku koyar: a girgiza, a fitar da numfashi, a danna ana shaƙa a hankali, a riƙe na daƙiƙa 10. Yaro kuwa, ku haɗa masa da sifesa, bututun da ake maƙala wa inhela, don maganin ya isa huhu.