Ruwan Gishiri ko Ringer's Lactate? Kada Awa Huɗu Su Ruɗe Ka

Idan mai ciwon suga ya rasa insulin, jikinsa yakan koma ƙona kitse, sai asid ya taru a jini, yawan fitsari kuma ya ƙarar da ruwan jikinsa. Wannan shi likitoci ke kira DKA, kuma yana kisa. Matakin farko shi ne ƙarin ruwa. To, wane ruwa?

An daɗe ana amfani da ruwan gishiri. Matsalarsa ita ce kuloraid: milimol 154 a kowace lita, alhali na jininka bai wuce ɗari da 'yan kai ba. In aka zuba lita da yawa, shi kansa yana iya ƙara wa jini asid. Ringer's lactate kuwa 109 gare shi, ya fi kusa da na jini.

A 2020 masu bincike na Jami'ar Vanderbilt a Amurka suka fitar da sakamakon manya 172 masu DKA. Waɗanda aka ba irin su Ringer's lactate sun warware cikin kusan awa 13, na ruwan gishiri kusan awa 17. Nan fa wasu suka ce an gama magana.

Amma duba da kyau. Ba domin DKA aka shirya gwajin ba, tsamo mutanen aka yi daga wasu manyan gwaje-gwaje biyu, duk a asibiti ɗaya. Kuma saurin washewar asid aka nuna, ba yawan rayukan da aka ceto ba. Wani ƙaramin gwaji a Afirka ta Kudu a 2012 ma bai ga wani bambanci na a zo a gani ba. Shi ya sa ƙa'idar ƙwararru ta 2024 ta amince da duka biyun.

Ra'ayinmu? In akwai Ringer's lactate a kusa, zaɓi ne mai hujja. In babu, a ɗaura ruwan gishiri nan take. Abin da ke da haɗari ga ran mara lafiya shi ne jinkiri, da fara insulin ba tare da an auna fotashiyam ba, domin insulin yana saukar da shi har zuciya ta rikice. Don haka in kana jinya, kada ka ɓata lokaci kana zaga kemis neman wani ruwa na musamman. Gara ka tambayi likita: an auna fotashiyam?