Shekara biyu kana wa farfesa wankin alƙaluma: wa ke cin ribar aikin firidok?

In kana karanta tattalin arziki, ko lissafi, ko ƙididdiga, kuma kana da burin yin digiri na uku a Amurka ko Ingila, na san wani ya riga ya ba ka wannan shawarar: kada ka nemi gurbin dakta kai tsaye, fara neman aikin taya wani farfesa bincike tukuna. Sunan da suke kiran aikin shi ne firidok, wato "kafin dakta". Galibi shekara biyu ne, cikakken aiki da albashi. Za ka ga tallarsa a shafin cibiyar NBER, da bankunan da ke ƙarƙashin babban bankin Amurka, da J-PAL ta jami'ar MIT, da Opportunity Insights ta Harvard inda Raj Chetty yake. Shawarar ba ƙarya ba ce, mai karatu. Amma akwai abin da masu ba da ita ba su cika faɗa ba, shi nake so mu duba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aikin ya yawaita, don ba haka kawai farfesoshi suka wayi gari suna son yara a gefensu ba. Fannin ne ya sauya. A da, babban masanin tattalin arziki shi ne mai alli da allo, ya zauna ya gina nazariyya da lissafi. Daniel Hamermesh ya bi manyan mujallun fannin guda uku ya ƙirga, ya tarar a 1983 fiye da rabin maƙalun da suka buga nazariyya ce zalla, amma zuwa 2011 ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Yawancin sauran sun koma kan bayanai. A 1994 David Card da Alan Krueger sun girgiza fannin da bayanan gidajen cin abinci 410 a jihohin New Jersey da Pennsylvania, inda suka duba ko ƙarin mafi ƙarancin albashi na rage guraben aiki. Shekara ashirin bayan nan, Chetty da abokan aikinsa suna aiki ne da takardun haraji na yara sama da miliyan 40 da iyayensu. To ka gaya mini, wane farfesa ne zai zauna shi kaɗai ya tace wannan? Dole sai da hannaye.

Aikin hannayen nan shi ne wankin alƙaluma. Ka haɗa fayil da fayil, ka gano inda aka rubuta sunan gari ɗaya da haruffa iri uku, ka cire mutumin da aka ce shekarunsa 999, ka rubuta umarni a Stata ko R ko Python, ka fitar da jadawali, farfesa ya duba ya ce a sake. Kada ka raina shi. A nan gaskiyar maƙala take kwana. Misalin da kowa ya sani a fannin shi ne na Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff. A 2010 suka fitar da binciken da ya nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta kan durƙushe. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙe wannan adadi suna kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, da aka ba su aikin aji na maimaita wani bincike, ya yi ta gwadawa lissafin ya ƙi fita. Da ya samu fayil ɗin Excel na asali, sai ga shi an tsallake ƙasashe biyar wajen ɗaukar matsakaici: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Wannan kuskuren shi kaɗai ba shi ne ya kawo duk bambancin ba, akwai batun yadda aka auna ƙasashen da shekarun da aka bari a waje. Amma da shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka sake lissafin, bunƙasar da aka ce ta faɗi ƙasa da sifili da ɗigo ɗaya sai ta koma kashi 2.2.

Ana yawan ba da labarin nan don a nuna muhimmancin kula da ƙananan abubuwa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Herndon ba yaron Reinhart ba ne, ba yaron Rogoff ba ne. Ba ya jiran komai daga hannunsu.

Ɗan firidok kuwa yana jira. Albashin da ake ba shi a wata ba shi ne ainihin ladan aikin ba. Ladan shi ne takardar shaida da farfesa zai rubuta wa kwamitin ɗaukar ɗalibai a ƙarshe, takardar da kai ba za ka taɓa karantawa ba. Kowa a cikin tsarin ya san haka. Saboda ita mutum ke haƙura da albashin da bai kai abin da kamfani zai ba mai ƙwarewa irin tasa ba, saboda ita yake amsa saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Yanzu ka yi tunani: mutumin da ya fi kowa sanin inda bayanan suke da rauni, wanda ya ga sakamakon ya ɓace da aka sauya ma'auni ɗaya, shi ne kuma wanda makomarsa ke rataye da alƙalamin mai maƙalar. Ban ce farfesoshi na tilasta wa kowa yin shiru ba, yawancinsu ma so suke a nuna musu kuskure kafin duniya ta gani. Amma masana tattalin arziki su ne suka koya mana cewa kada mu dubi niyyar mutane kawai, mu dubi abin da tsari ke saka musu da shi. Abin mamaki ne a ce sun gina wa kansu tsarin da faɗin "yallaɓai, wannan ba daidai ba ne" ya fi tsada ga wanda ya fi cancantar faɗinsa.

Na ɗanɗana wannan da kaina, ko da yake ba a Amurka ba. Bayan hidimar ƙasa na yi aikin tace bayanan wani bincike kan amfanin gona. Manoma sun ba da amsa da mudu da tiya da buhu, fayil ɗin kuma ya mayar da komai kilo da ma'auni ɗaya tal, kamar mudun kowace kasuwa ɗaya ne, kamar mudun gero da na gyaɗa nauyinsu ɗaya. Duk wanda aka taɓa aika shi awo ya san ba haka ba ne. Na gani tun satin farko. Sai da na yi sati uku ina juya maganar a raina kafin na rubuta wa shugaban aikin, don wanda ya tsara ma'aunin yana gaba da ni, ni kuma takarda nake nema. Da na faɗa, godiya aka yi mini aka gyara. Ba wanda ya tsorata ni. Ni na tsorata kaina, kuma ba na jin ni kaɗai ne mai irin wannan sati ukun.

Matsala ta biyu ita ce abin ya tashi daga zaɓi ya zama ƙofa. Da zarar wasu sun fara zuwa da shekara biyu ta gogewa da takarda daga hannun sanannen suna, wanda ya zo da digirinsa kawai ya zama kamar bai shirya ba, ko da ya fi su kai. Kowa sai ya bi layi, kujerun kuma ba su ƙaru ba. Digiri na uku a wannan fanni a Amurka kan ci shekara biyar zuwa shida. Ƙara biyu a kai. Shekara bakwai zuwa takwas kenan kana kan ƙaramin kuɗi. Wanda iyayensa ke iya tura masa kuɗin haya zai jure. Wanda shi ake jira ya biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, ko ake masa maganar aure, lissafinsa daban ne. Kuma fannin dama can ba na 'ya'yan talakawa ba ne. Robert Schultz da Anna Stansbury sun duba haifaffun Amurka da suka gama digiri na uku tsakanin 2010 da 2018, suka tarar kashi 65 cikin ɗari na masu tattalin arziki suna da uwa ko uba mai babban digiri, alhali in aka haɗa dukkan fannoni kashi 50 ne. Wannan adadi bai nuna firidok ne ya jawo ba, kada a ɗora masa laifin da ya girme shi. Abin da ya nuna shi ne irin gidan da ake ƙara wa sabuwar ƙofa.

Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata ka ji ta. Kafin firidok, hanyar gyara takardunka ita ce digiri na biyu a wata babbar jami'a, wanda kai za ka biya. Firidok kuwa kai ake biya. Yaron da ya fito daga jami'ar da ba a san ta ba zai iya cin jarrabawar tace bayanai da ake ba masu nema, ya shiga, ya fito da takarda mai nauyi. Haka kuma gara ka gano bincike ba naka ba ne a shekara biyu da albashi, da ka gano a shekara ta huɗu ta dakta. A 2020 wasu jami'o'i da bankunan babban bankin Amurka sun kafa haɗakar PREDOC don a riƙa tallata guraben a fili, a daina raba su ta hanyar wa ka sani. Duk wannan na yarda da shi. Sai dai mai tantance ɗaruruwan takardun nema mutum ne mai gaggawa, idonsa kuma kan tsaya a sunan makarantar da ya sani. Ƙofar farko ta koma baya da shekara biyu ne kawai, mai gadin bai sauya ba. Ga ɗan waje kuma akwai biza, sannan guraben babban bankin da yawa sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Wani ɓangare na ilimin da ake koyarwa a waɗancan jami'o'i daga ƙasarmu aka ɗebo shi. Christopher Udry ya tattara bayanai a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya nuna cewa bashin da manoma ke ba juna yana aiki kamar inshora: abin da ake biya na sauyawa gwargwadon halin da mai bin bashi da wanda ake bi suka samu kansu. Jenny Aker ta bi shigowar wayar salula Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta nuna ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Kyawawan ayyuka ne, ba su nake suka ba. Amma duk bincike irin wannan sai da wanda ya zauna a zaure ya yi tambaya da Hausa, wanda ya yanke hukunci ko gidan da ke da magidanta uku masu noman gandu ɗaya iyali ɗaya ne ko uku. Wannan hukuncin yana shiga kowane adadi da ke cikin maƙalar. Shi ma taya bincike ne. To me ya sa na wanda ke zaune a ofis a Boston ake kiransa matakin shiga dakta, na wanda ke Damagaram ko Zariya kuma ya tsaya a kwantiragin wata uku da layin godiya a ƙasan shafi? Grieve Chelwa, masani ɗan Zambiya, ya ƙirga maƙalun da manyan mujallun tattalin arzikin raya ƙasa suka buga kan Afirka, ya tarar kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da ko da marubuci ɗaya mazaunin nahiyar.

Gyaran ba sai an rushe komai ba. Kwamitocin ɗaukar ɗalibai za su iya auna mai nema da abin da aka ba shi dama ya yi, su daina ɗaukar rashin firidok a matsayin giɓi. Masu bincike za su iya sa sunan mataimaki a maƙala idan ya kawo tunani, su kuma rubuta wa na fili takarda da irin himmar da suke rubuta wa na ofis. Sannan a samu wani mutum na biyu a cibiya, wanda ba shi ke riƙe da takardarka ba, da za ka iya kai wa shakkunka kan bayanai.

Kai kuma, in dama ta zo maka, ban ce ka ƙi ba. Ni ma da ta zo mini a lokacin da karɓa zan yi. Amma kafin ka sa hannu, nemi waɗanda suka riga ka zama a kujerar, sunayensu galibi na shafin cibiyar. Tambaye su ina suka ƙare, ko an bar su sun shiga aji sun ɗauki darasin lissafi, ko farfesan na zama da su ko sai ta hannun wani. Sannan ka tambaye su ranar da suka kai masa labarin da ba ya so, cewa sakamako ya rushe, me ya ce musu, kuma kwana nawa suka yi kafin su faɗa.